Bashin Iro Bahago

Samarin da ke zama a rumfar cajin waya, tsallaken maƙerata a Batsari, sun yanke hukunci cewa ƙira ba ta da wuya. Ɗaya daga cikinsu ya ce da ni, "Baba, ai wuta ce ke yin aikin, kai bugu kawai kake yi." Na miƙa masa masaba na ce bismilla. Ya yi bugu goma sha biyu, ya mayar mini da bakin fartanya kamar ganyen kabewa, ya koma wajen wayarsa yana hura tafin hannu. Tun ranar nake ba su labari in kasuwa ta yi sanyi, don na lura kunnuwansu sun fi hannuwansu ƙwari.

Wajen baffana na koyi sana'ar, Baffa Ɗanjuma, ƙanen mahaifina. Shekara huɗu ina zuga masa wuta kafin ya yarda in taɓa awartaki. Zuga-zugin lokacin na fatar akuya ne, hannu biyu ake sa masa, ba irin na yanzu mai wilin keke da ko jariri zai juya ba. Ina zuga ina kallo, shi kuwa ba ya bayani sai da ƙeya: in na yi kuskure in ji tafi, in na yi daidai in ji shiru. A haka na san cewa ƙarfen da ya yi ja kamar barkono bai nuna ba, sai ya koma launin manja ake fito da shi, in kuwa ya fara tartsatsi kamar taurari, to ka ƙone shi, kuɗinka ya bi hayaƙi. A haka na san gawayin ƙirya ya fi kowane gawayi riƙe wuta. Na kuma san cewa wahalar gatari ba a bugu take ba, tana wajen tsoma shi a ruwa. Ka yi gaggawa ya tsage, ka yi nawa ya yi laushi, mai shi ya dawo yana zagin kakanninka.

Masu sayen kayanmu kuwa kowa da halinsa. Manomi zai ɗaga galma ya ce ta yi nauyi, ka rage mata, ya dawo bayan sati ya ce iska na ɗaukar ta. Bafulatani zai kawo ɗan gatarinsa na sassabe ya ce a koɗa shi har ya iya aski, sannan ya tsaya yana ciniki tun hantsi har azahar a kan kuɗin da bai kai na goro ba. Mahauta su ne masu biya nan take, amma sai sun gwada wuƙar a gashin hannunka. Da yawa kuma sukan ce "sai kaka", ka ba su, in an yi girbi su kawo dami ko tiya biyar ta gero. Ranar da na fi so a shekara ita ce washegarin ruwan farko. Kafin in fito daga masallacin asuba mutane sun yi layi a ƙofar maƙera, kowa da abin nomansa a kafaɗa, ƙasa na ƙamshi, kowa na jin a ranar shi ne mafi gaggawa a duniya.

Shekarar maƙeri duka wata biyu ce, watanni biyun da ke gaban damina. Abin da ka ƙera a cikinsu shi za ka ci har wata bazarar. Shi ya sa tun daga kaka ake tara kuɗin ƙarfe, in lokaci ya yi a shiga mota zuwa Katsina wajen 'yan gwangwan, a zaɓo tsofaffin sifirin na manyan motoci, don babu ƙarfen da ya kai shi yin galma. Baffa yana da wani gwangwanin madara da yake tara nasa. Ko ranar da aka kwana ba a ɗora tukunya ba bai buɗe shi ba. In an yi magana sai ya ce, "Wannan ba kuɗina ba ne, kuɗin ƙarfe ne." Na gaji gwangwanin, na gaji maganar, na riƙe ta shekara da shekaru, har ranar da Iro Bahago ya zo mini ran Litinin.

Iro manomi ne a Darini, tsarana ne. Lauje ne ya haɗa mu, shekarar da na fara zama a kan uwar maƙera da kaina. Ya sayi lauje a hannuna ran kasuwa, Alhamis mai zuwa ya dawo ya jefa mini shi a gaba, ya ce wannan ko ciyawar da ta mutu ba ya yanka. Na gwada a kan kara, ya yanke shi kamar tuwo. Na ce ya gwada in gani. Yana ɗauka na ga da hagu ya riƙe. Laujen bahago ta ɗaya gefen ake fitar masa da kaifi, ni kuwa ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Na ce laifin wanda ya zo duniya a karkace ne. Ya ce laifin maƙerin da hayaƙi ya cinye wa ido ne. Kafin in gama ƙera masa wani mun cinye ƙullin dafaffen rogon da ya zo da shi.

Daga nan kowace Alhamis sai ya zo. Akwai wani kututturen ƙirya a gefen rumfata, nan ne wurin zamansa, kowa ya sani, ko baƙo ya zauna sai a tashe shi. Ya zo da rogo da garin ƙuli, ya zauna ya kushe duk abin da na ƙera, ni kuma in kushe gonarsa da ban ma taɓa gani da kyau ba. Shi ya sa mini suna Ɗan Gawayi, ni ban taɓa kiran sa da wani suna ba sai Bahago. Mutane har zuwa suke yi don su ji mu. Shekara talatin muna haka, ya halarci sunan 'ya'yana duka, na halarci nasa, ko sisi bai taɓa shiga tsakaninmu ba sai kuɗin aiki.

Sai shekarar da daji ya lalace ta zo, kun san ta, ba sai na tsaya ba ku labari ba. Ran Litinin ɗin, ana saura kamar sati shida ruwa ya sauka, na ɗaga kai na ga Iro tsaye, ba rogo a hannunsa. Ya zauna a kututturen yana kallon wuta.

"Sani," ya ce. Jin sunana na yanka a bakinsa ya sa na ajiye guduma. "Ɓarayin daji sun kore mani sa ɗaya. Ɗayan Allah ya tsare, shina gidan surukina a daren. Ka kau san sa ɗaya ba ya huɗa."

"Mi ka samu a hannu?"

"Na saida awaki, na saida gyaɗar iri. Rabi na haɗa."

Ya faɗi abin da ya rage. Kamar an auna, daidai da abin da ke cikin gwangwanin ne. Na shiga gida na ɗauko. Mai ɗakina, Laraba, ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malam, ko ka kira mutum biyu su shaida, a rubuta?" Na ce, "Ni da Bahago? Kin taɓa jin an yi shaida tsakanin hannu da baki?" Na juye masa kuɗin, ya ce in Allah ya kai mu kaka zai biya, na ce ya tashi ya ba ni wuri kafin ya cika mini rumfa da godiya. Har ga Allah na ji daɗin kaina a ranar.

Daɗin bai kai sati biyu ba. Ba kuɗin ƙarfe, ba zuwa Katsina. Na bi gari ina tsintar abin da na samu: ƙafar tsohon gado, murfin duro, ƙofar wata a-kori-kura da ta ƙone. Da su na yi fartanyoyin shekarar, kuma ƙarfe ba ya rufa wa maƙeri asiri. Wani dattijo ya dawo mini da tasa ta naɗe kamar kunnen akuya, ya tambaye ni ko ta sallar idi ce na sayar masa. Mutanen da suka shekara ashirin suna zuwa wurina suka fara hawa mashin zuwa Safana, inda wani maƙeri ya sauke sifirin mai kyau. Ba zan ɓoye muku ba, na yi da-na-sani. Duk fartanyar da aka dawo mini da ita sai in tuna akwai wani sa a Darini yana cin dusa da kuɗina.

Iro ya yi huɗa, ya shuka babbar gonarsa ta bakin daji, gero ya yi kyau. Da ya isa girbi hanyar ta ƙi biyuwa, ba wanda ya iya zuwa. Abin da ya samu a 'yar gonar bayan gida ko cin iyalinsa bai kai ba. Na ji labari, ban ce komai ba, na kuma ƙudura ba zan ce ba.

Alhamis ta farko bayan kaka ya zo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasa ga kututturensa nan babu kowa a kai. "Malam Sani, an wuni lafiya? Ya aiki? Ya iyali? Ya muka ji da jama'a?" Ya jero mini gaisuwa kamar ya zo gaban alƙali. Na ƙera galma a gabansa, na karkata ta da gangan, bai ce uffan ba. Abin ya dame ni, sai na ce bari in tsokane shi ya dawo hayyacinsa. Rumfar cike take da mutane.

"Bahago, ya sana? Ina fata kana ba shi dusa, don daga ƙaho zuwa tozo nawa ne. Wutsiyar na bar maka."

Aka kwashe da dariya. Da a da ne, kafin in rufe baki ya rama da uku. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Shina nan lafiya. In Allah ya so ba za ka yi asara ba." Ya ajiye ƙullin rogon a gefen uwar maƙera, ya sa takalmi ya tafi. Bai ƙara zuwa ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wasa tsakanin tsara ake yin sa. Bashin nan ya ɗaga ni sama ya sauke shi ƙasa, maganar da jiya wasa ce yau ta zama gori. Rani ya wuce kututturen na nan ba kowa. Kuɗin sun dame ni, amma wallahi shirun Alhamis ya fi damuna, har bugu na ya rage daɗi a kunnena.

Da bazara ta zagayo, na lallaɓa na samo ɗan ƙarfe. Wata Alhamis maƙwabcin Iro, Malam Haruna, ya kawo mini fartanya bakwai a ɗaure, ya ce na mutanen unguwarsu ne, a koɗa. Ina warwarewa na ga ɗaya ta cinye ta kusurwar hagu. Fartanyar kowa ta dama take cinyewa, mutum ɗaya na sani a Darini da tasa ke cinyewa ta can. Ƙirar hannuna ce, amma an yi mata wani mummunan faci da walda a wuya. Na ce, "Wannan a Safana aka yi mata haka." Malam Haruna ya kama kallon rufin rumfa. Ashe duk watannin nan Iro biyan kuɗin mashin yake yi har Safana don kada ya biyo ta ƙofata, da facin ya ƙi ne ya cusa ta cikin na mutane.

Na cire facin, na gyara ta kamar sabuwa, na ƙi karɓar ladan aiki. Sannan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce da Malam Haruna, a gaban duk wanda ke wurin, "Ka ce ma Iro bashin nan na yafe, duniya da lahira. Ya dawo wurin zamanshi." Aka yi ta sa mini albarka. Na koma gida ina jin kamar na gina masallaci.

Alhamis mai zuwa Malam Haruna ya dawo, ya ajiye mini ladan koɗa fartanya ɗaya a ƙulle cikin leda. Ya yi ta murza hula kafin ya yi magana. "Ya ce a faɗa maka bai mutu ba tukuna. Ya ce gawa ake yafe ma bashi, in an shimfiɗe ta za a yi mata salla."

Na san yafe bashi lada ne, malamai sun faɗa. Amma ni a bakin kasuwa na yafe, ta bakin wani, duk Darini ta ji cewa Iro ya zama wanda ake yi wa sadaka. Na kai wa Laraba ƙara da yamma, tana tsakar gida tana ƙulla daddawar da take sayarwa. Ba ta ko ɗago ba.

"Malam, ka taɓa ganin na yafe ma Tabawa kuɗin daddawa? Kullum sai na aika, kullum sai ta aiko mani da baƙar magana, shekara ashirin ke nan muna tare. Wanda ka daina bi bashi, ka gaya mashi ba shi da ranar samu ne. Tashi ka tafi ka bi shi kuɗinka, da ƙarfi, yadda za ka bi mai hali."

"In ya yi fushi fa?"

"Yanzu da bai yi ba, kana ganin shi?"

Ran Asabar da hantsi na hau mashin zuwa Darini. Dattawa na zaune a gindin bedin ƙofar gidansa. Na gaishe su yadda ya kamata, ina sane cewa in wannan ta ɓaci shi ke nan, abotar shekara talatin ta tafi. Na tsaya a bakin zaure na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Salamu alaikum. A ce ma Bahago mai bin shi bashi ya zo, kuma ba ya tafiya sai da kuɗinshi."

Can sai ga shi ya fito, hannunsa duk dusa. Ya rame. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya daɗe, ni kuwa na ɗaure fuska iyakar iyawata.

"Ashe ba ka yafe ba?"

"Na fasa. Na tuna wanda na ba."

Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya karkaɗe hannu, ya jawo tabarma da ƙafa. "To zauna mu yi lissafi, Ɗan Gawayi. Galmar da ka ƙera mani shekarar da aka haifi ɗiyata Rabi, kwana uku ta yi ta karye. A cire kuɗinta."

"Dutse ka sara da ita."

"Rogon Alhamis na shekara talatin, wa ya biya?"

"Inuwar rumfata fa? Da kututturen da ka zauna har ya yi santsi?"

"Kuɗin mashin da na kashe zuwa Safana, kai ka jawo, a cire."

"Wannan ladan wautarka ne. Wanda ya yi maka facin nan ko bokiti bai iya liƙewa ba."

Dattawan nan suka yi ta dariya har wani ya ƙware da goro. Muka yi ta yi har aka kira azahar. Bayan salla Iro da kansa ya riƙe hannun liman ya ce a rubuta. Aka sa shaidu biyu. Aka yanka zai yi mini huɗar gonata damina uku da shanun nan, sauran kuma ya biya da gero, kaka bayan kaka, gwargwadon abin da Allah ya hore. Liman yana rubutu yana cewa da tun farko mun yi haka da ba mu wahalar da mutane ba. Na tuna maganar Laraba, amma da na koma gida ban gaya mata liman ya goyi bayanta ba, don kada ta samu abin faɗi har ƙarshen rayuwata.

Huɗar farko da ya yi mini, kunyoyin duk sun karkata hagu. Na tsaya a bakin gona ina masifa, shi yana bin shanu yana cewa gonar ce a karkace kamar mai ita. Ban taɓa cin gero mai daɗin na shekarar ba. Alhamis kuwa ya dawo kututturensa, ya tashi wani baƙo da ya samu a kai ba ko sannu.

Samarin nan sukan tambaye ni, to Baba, a ba aboki rance ko kada a ba shi? Ni dai ina bayarwa har gobe, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ba na taɓa kuɗin ƙarfe, abin aljihu nake bayarwa. Ina kiran shaidu ko da ɗan'uwana ne. Ba na yi wa mutum wasa da abin da nake bin sa a gaban jama'a, kuma in lokaci ya yi ina zuwa da ƙafata in tambaya.

Kaka huɗu Iro ya yi yana biya. A ta ƙarshe na je da buhuna, ya zauna yana auna mini da hagu, tiya bayan tiya, ina ƙirgawa da ƙarfi. Da ya rage saura biyu sai ya kife tiyar, ya ɗaure bakin buhunsa, ga gero nan cike a ciki.

"Saura biyu," na ce.

"Na sani. Ba ni da su."

"Ga su nan ina gani."

"Wannan na iri ne. Ka dawo baɗi."

Na koma baɗi, ya ce tsuntsaye sun yi ɓarna. Na koma wata baɗin, ya ce tiyar ce ta ɓace. Shekara shida ke nan ina bin tiya biyu, kuɗin man da na ƙona a hanyar Darini ya sayi buhu. Yanzu gwiwa ta hana shi zuwa kasuwa sai jefi-jefi, ni ma masaba ta fara yi mini nauyi. Satin da ya wuce, da aka gama girbi, na rufe maƙera na je. Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, na ce mai bin bashi ya zo. Daga can cikin gida, da muryar da ta isa har gindin bedi, na ji ya ce, "Ku ce mashi ba ni nan, na tafi Safana."

Na cire takalmi na shiga. An riga an shimfiɗa tabarma a zauren, ga ƙwaryar fura a rufe da faifai, da ludayi biyu a kai.